Addini Ya Riga Likita Shiga Ɗakin: Martani Ga Mai Cewa A Raba Tauhidi Da Jinyar Hankali

Wani ɗan'uwa daga cikin marubutanmu 'yan boko ya yi dirar mikiya a kan wani irin karatu da wasu makarantun Kirista suke bayarwa, wanda a cikinsa ɗalibi yake yin digiri na uku a ilimin halayyar ɗan'adam, ɓangaren duba marasa lafiya, ana kuma haɗa masa da tauhidin Kiristanci tun daga shekarar farko har ya kammala. Matsayinsa, gwargwadon yadda zan iya faɗarsa ba tare da na rage masa ƙarfi ba, shi ne kimiyya da aƙida ba sa shan inuwa ɗaya, domin ita kimiyya da gwaji take rayuwa, aƙida kuwa ba ta karɓar gwaji, saboda haka duk digirin da ya gwama su gurgu ne, bai cika likitanci ba, bai cika malanta ba. Ya ce kuma wannan karatu wa'azin bishara ne aka sa wa farar riga, mai taɓin hankali kuwa shi ne mafi rauni a cikin marasa lafiya, don haka miƙa shi ga wanda aka horar a makarantar tauhidi daidai yake da miƙa imaninsa. Ya ƙara da cewa a ƙasa irin Jamhuriyar Benin, inda ko maganin farfaɗiya yakan yi wuyar samu a ƙauye, maganar digirin shekara biyar ko shida almubazzaranci ce. Daga nan ya yanke hukunci: Musulmin garuruwan Paraku da Jugu na ƙasar su yi nesa da cibiyoyin 'yan mishan, gwamnati kuma ta horar da ƙwararrun da za su tuɓe addini a bakin ƙofa kamar yadda ake tuɓe takalmi, su duba mutum a matsayinsa na mutum kawai.

Damuwarsa ba ta banza ba ce. Duk wanda ya san tarihin yankin nan ya san makaranta da ɗakin shan magani su ne ƙofofin da mishan ta fi shiga gari ta cikinsu, kuma gaskiya ne wanda hankalinsa ya gushe ba ya iya kare kansa daga mai son juya shi. Inda muka rabu da wannan malami shi ne maganin da ya rubuta, domin idan aka bi shawararsa, waɗanda yake son karewa su ne za su kwana a ciki.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai, tunda rubutun nasa ya nuna kamar tara ɗalibai ake yi a koya musu korar aljanu, sannan a rataya musu laƙabin dakta. Makarantar tauhidi ta Fuller da ke Pasadena a jihar Kalifoniya ta Amurka ita ce ta buɗe wannan hanya a 1965, a 1972 kuma ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta amince da digirinta. Wannan ƙungiya ba ta coci ba ce, ba ta kuma auna yawan addu'ar ɗalibi. Abin da take bi ta duba shi ne ko an koya masa lissafin bincike, da gwaje-gwajen auna hankali, da rarrabe cututtuka, da ladubban aiki. Ko ya yi shekaru yana ganin marasa lafiya a ƙarƙashin idon wanda ya girme shi a aikin. Ko ya yi shekara guda cur yana aikin koyo. Ko ya rubuta kundin bincike ya kare shi a gaban malamai. Makarantu irin su Rosemead da Wheaton da suka bi sahu daga baya, a kan ma'aunin nan aka ɗora su, kuma wanda ya fito daga cikinsu jarrabawar lasisi ɗaya yake zaunawa da wanda ya fito daga jami'ar gwamnati. Tauhidi ƙari ne a kan wannan kaya, ba a sauke komai don a ba shi wuri ba. To ina gurguntar take? Tun yaushe ƙarin karatu ya zama naƙasa? Abin dariyar ma shi ne, cikin waɗanda suka fi tsanar wannan karatu a Amurka akwai fastocin da suke cewa Littafi Mai Tsarki ya wadatar. A 1970 Jay Adams ya fitar da littafin da ya zama tutarsu, inda ya nace cewa, in ban da abin da ya samo asali daga lahani a jiki, yawancin abin da ake kira ciwon hankali zunubi ne da mutum ya ƙi fuskanta, kuma fasto ne ya cancanci jinyarsa, masanin halayya ya kama gabansa. Har yau magadansa suna ganin masu gwama tauhidi da ilimin halayya sun sayar da addini ga boko. Malamin namu ya kama ɓangarori biyu da suka haura shekara 50 suna kokawa da juna, ya ɗaure su da igiya ɗaya, ya zane wanda yake cewa a sha magani da laifin wanda yake cewa addu'a ta isa.

Babban kuskuren, wanda sauran duk a kansa suka hau, shi ne zaton cewa ɗakin jinya fanko ne, sai wani ya ɗauko addini ya shigo da shi. A Jugu da Paraku, kamar a Kano da Maraɗi, asibiti ne zangon ƙarshe. Idan mace ta haihu, bayan suna ta daina barci, ta ƙi shayar da jariri, tana zabura tana cewa ana kiran sunanta daga bayan katanga, ba wanda zai fara da tunanin kuɗin motar zuwa asibitin jami'a. Uwar miji za ta ce iska ce, a kawo garwashi a yi hayaƙi. A kira malam ya yi tofi, a wanke allo a ba ta rubutu ta sha, in bai yi ba a nemi mai ruƙiyya, in akwai Kirista a dangi ya kawo shawarar wani fasto mai azumi da addu'a, wani kuma ya raɗa sunan boka a bayan gari. Sai an sayar da awaki, watanni sun shuɗe, sannan a kawo ta gaban likita, da laya a wuya, da cikakken bayani a bakin mijinta na wanda ya yi mata sammu da dalilin da ya sa. Malamin ya ce likita ya tuɓe addininsa a ƙofa. To ita fa? Mijinta fa, wanda shi zai sayi maganin, shi kuma zai yanke ko za a dawo bayan wata guda? Ƙwararren da ba a taɓa koya masa yadda ake magana a kan ƙaddara da jarrabawa da aljani ba, ɗayan abu biyu zai yi. Ko dai ya yi murmushin raini ya ce wannan camfi ne, dangi su kwashi 'yarsu su koma inda ake jin maganarsu, ko kuma ya ɗebo abin da ya tsinta a wa'azin rediyo ya yi ta zubawa, babu mai duba shi. Nas da likitan da ke aiki a jihar Borgu ko ta Donga su ma masallaci da coci suke zuwa, ba daga sama suka faɗo ba. Cakuɗa addini da jinya yana faruwa kullum safiya, ko da digiri ko babu, kuma abin da malamin ya zaɓa ya yaƙa shi ne kaɗai nau'in cakuɗawar da ake karantawa, a yi jarrabawa a kai, a kuma iya hukunta wanda ya wuce gona da iri.

Inda rashin horo yake kaiwa ba ɓoyayye ba ne. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya samu shaidar ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a ƙasashe 60. Ba sai mun je nesa ba, a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da dama da mari a ƙafa, gidan kuwa da sunan gyaran tarbiyya ta Musulunci yake aiki. A Togo da Ghana da Kwaddibuwa akwai sansanonin addu'a na wasu coci-coci inda ake ɗaure marasa lafiya a jikin bishiya, a hana su abinci da sunan azumi. Ba addinin da zai yi wa ɗan'uwansa dariya a nan. A ɗaya daga cikin irin waɗannan sansanoni, wato Mount Horeb a Ghana, Farfesa Angela Ofori-Atta ta Jami'ar Ghana da abokan aikinta suka yi wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2018, kuma ya kamata malamin ya zauna ya yi nazarinsa da kyau. Sun raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, duka suna ci gaba da addu'o'in sansanin, amma ɓangare ɗaya ana ba shi maganin asibiti a ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Bayan mako shida, waɗanda suka sha magani sun fi samun sauƙi a fili, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya tsaya wa masu binciken a wuya shi ne yawan kwanakin da ake ɗaure mutane bai sauya ba ta yadda za a ce an ga bambanci. Mutum ya samu sauƙi, ya dawo yana magana daidai, sarƙar kuma tana nan a ƙafarsa.

Me wannan yake nufi? Ƙwaya tana kwantar da muryoyin da mara lafiya yake ji, amma ba ta taɓa fahimtar mutumin da yake riƙe da makulli. Wanda ya sakankance cewa aljani yake ɗaurewa, ba mutum ba, ba zai kwance don an nuna masa jadawalin alƙaluma ba, kuma ba zai saurari wanda ya shigo yana yi wa imaninsa kallon ƙauyanci ba. Sai an samu wanda zai zauna da shi a kan tabarma ɗaya ya yi masa magana daga cikin littafin da ya yarda da shi. Idan fasto ne, a tuna masa cewa a labarin Linjila na mutumin nan mai zama a maƙabarta, mutanen gari ne suka yi ta ɗaure shi da sarƙa, wanda faston yake cewa yana bi bai ɗaure shi ba. Idan malami ne, a tambaye shi a wane babi na fiƙihu aka halatta dukan wanda shari'a da kanta ta ɗauke wa nauyin salla da azumi. Wannan aiki na mai tauhidi ne wanda kuma ya san cuta, ya san abin da ƙwayar za ta yi da abin da ba za ta yi ba. Shi ne mutumin da malamin namu yake cewa kada a horar.

Ba a kan zato kawai nake wannan magana ba. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani gwaji a Ibadan da Kumasi, wanda mujallar Lancet ta buga a 2020, inda aka haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu maganin gargajiya da masu jinyar addu'a, ma'aikatan suna zuwa har wuraren waɗannan mutane suna duba marasa lafiya tare da su. Cikin marasa lafiya sama da 300, waɗanda aka yi wa wannan jinyar haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi bayan wata shida. Tun kafin su, a 1954, Dakta Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, yana saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. Wannan bai zubar masa da darajar kimiyya ba, ya kai har matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Mu ɗauki abin da ya fi sarƙa ɓoyuwa. Akwai mutumin da za ka gani a bakin famfon masallaci a zangon Paraku, ya cika buta ya ƙarar, ya sake cikawa, ya wanke fuska ya kai gwiwar hannu, sai ya dawo farko domin bai tabbata ya yi niyya ba. Liman ya yi raka'a biyu shi yana tsugune, fatar yatsunsa ta yi fari ta tsattsage. In ya samu ya shiga sahu, ya yi kabbara ya sauke hannu ya sake, har na kusa da shi ya fara harararsa. Masana sun san wannan ciwo, hanyar jinyarsa kuma sananniya ce: a saba wa mutum zama da shakkar ba tare da ya maimaita aikin ba, sannu a hankali, har tsoron ya lafa da kansa. Amma je ka ce wa wannan bawan Allah ya yi alwala sau ɗaya ya tashi. A kunnensa cewa ka yi ya tsaya gaban Ubangiji ba tsarki, kuma zai gode maka ya tafi, ba za ka sake ganinsa ba. Wanda ya san fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake bi a nan, ya san cewa tun a ƙananan littattafai irin su Ahalari da Risala, malamai sun ware wa mai yawan kokwanto hukuncinsa na daban, wato ya watsar da shakkar, kada ya biye mata. Da wannan sai likita da shari'a su zama baki ɗaya, mara lafiya ya gane cewa barin maimaitawar shi ne biyayya. Kirista ma yana da irin wannan, mutumin da ya ɗauka ya yi zunubin da ba a yafewa, yana ta komawa wajen fada yana furta laifi ɗaya, kuma limaman Katolika sun yi ɗaruruwan shekaru da sanin cewa cuta ce ba taƙawa ba. Ta yaya wanda ya bar addini a ƙofa zai rarrabe tsakanin mai tsayuwar dare don neman lada da wanda rashin barcinsa farkon hauka ne? Su kansu likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, a 1994, sai da suka ƙara wani gurbi na matsalolin addini a cikin babban kundinsu na rarrabe cututtuka, domin sun ga ana yi wa mai imani kuɗin goro da mai ciwo.

Game da cewa kimiyya ba ta da aƙida, tarihin wannan fanni da kansa ya isa amsa. Sigmund Freud ya rubuta a 1927 cewa addini ruɗi ne da ɗan'adam ya ƙirƙira don ya rage tsoro, kuma ba a ɗakin gwaji ya gano haka ba, ra'ayinsa ne. A 1980 Albert Ellis, ɗaya daga cikin manyan masu jinya ta hanyar gyara tunani, ya yi jayayya a rubuce da Allen Bergin, yana cewa tsananin riƙo da addini yana tafiya tare da rashin lafiyar tunani. Ɗaliban da aka tarbiyyantar a kan irin wannan, su ne 'yan ba-ruwanmu da za a damƙa wa tsohuwa mai carbi a hannu? Kowane mai jinya yana da abin da ya ɗauka shi ne rayuwa ta gari, da abin da yake gani haƙuri ne ko wauta, biyayya ce ko bauta. Wanda ya bayyana nasa, aka koya masa yadda zai riƙe shi kada ya danne mara lafiya, ya fi aminci a kan wanda ya rantse ba shi da komai. Ba kuma zan yi ƙari ba: shaidar da ake da ita ba ta ce jinya mai addini ta fi ta boko zalla nesa ba kusa ba. A gwajin da Harold Koenig na Jami'ar Duke da abokansa suka buga a 2015 a kan masu ciwon damuwa, inda aka shirya jinyar ta fuska biyar, har da ta Musulmi da ta Kirista, sakamakon ya zo kusan kunnen doki, sai dai masu tsananin riƙo da addini sun ɗan fi amfana da mai addinin. Malamin cewa ya yi gwamin yana lalata jinya. Gwaji, wanda shi ne alƙalin da ya zaɓa da kansa, bai goyi bayansa ba.

Saura tarkon bishara, kuma a nan Jugu ce za ta yi magana. Grégoire Ahongbonon ɗan Benin ne da aka haifa a 1953, tsohon mai facin taya a garin Buwake na Kwaddibuwa, ba likita ba, ba fada ba. Bayan karayar arziki da ta kusa kai shi ga kashe kansa, ya koma ga addininsa na Katolika, a farkon shekarun 1990 kuma ya fara kwaso mahaukatan da ke yawo tsirara a titi, yana shiga ƙauyuka da kayan aiki yana yanke sarƙa yana fasa turu. Ƙungiyarsa ta Saint Camille ta shigo Benin a 2004, ta buɗe cibiya a Avrankou, sannan Bohicon, sannan Jugu, garin da mafi yawan mutanensa Musulmi ne. Da yawa daga cikin masu aiki a cibiyoyin tsofaffin marasa lafiya ne da suka warke. Kamfanin jaridar Daily Trust, wanda ba wanda zai ce na mishan ne, shi ya ba shi lambar gwarzon Afirka na 2015. Malamin ya ce Musulmi su yi nesa. Su je ina? Asibitin ƙwaƙwalwa na Jacquot yana Kwatano, sama da kilomita 400 daga Paraku. Sashen ƙwaƙwalwa na asibitin jami'a a Paraku yana da nisan kilomita sama da 100 daga Jugu, ga kuɗin mota, ga na masauki, ga mai rakiya da zai bar gona. Shawarar a yi nesa, a aikace, shawara ce ta a koma turu. Kuma raunin da ake iya gani a irin waɗannan cibiyoyi, wato dogaro da ƙwaya da ƙarancin ƙwararru a kan yawan jama'a, ƙarin horo ne maganinsa, irin horon da ake cewa a guje masa.

Sannan akwai raini a cikin wannan tsoro, ko da malamin bai nufa ba. Jugu da Paraku tsofaffin zangunan fataken goro ne tsakanin Kano da Gwanja, Musulunci ya zauna a Unguwar Wangara tun kafin Bafaranshe ya san hanya, ya wuce mulkin mallaka, ya wuce zamanin da Mathieu Kérékou ya ayyana gurguzu daga 1974 zuwa 1989. Matan Jugu sun yi shekaru da dama suna haihuwa a asibitin ƙungiyar Malta, masallatai kuma ba su ragu ba. A arewa da nan, Halifan Tijjaniyya na Kiota a jihar Dosso ta Nijar ya daɗe yana tura marasa lafiya asibitin 'yan Katolika na Tangiyeta, da wasiƙa zuwa ga likitan tiyata Frère Florent. Ko malamin ya fi halifan kishin imanin almajiransa ne? Duk da haka ba na cewa a rufe ido. Makarantun nan suna neman malamansu su amince da aƙidarsu, wasu daga cikin ɗalibansu kuma aikin mishan suke nufa, wannan gaskiya ne. Amma ladubban aikin da aka rantsar da su a kai sun hana mai jinya ɗora wa mara lafiya addininsa, kuma wanda ya yi wa Musulmi wa'azi a kan gadon jinya ya saɓa wa karatunsa ne, ba bin sa ya yi ba. Abin nema shi ne sharuɗɗa a fili: kada a yi wa mara lafiya wa'azi yana cikin ciwo, a bar limaminsa ya shiga, a sanar da dangi irin jinyar da za a yi, a kuma samu hukumar da za a kai ƙara. Mai digiri da lasisi yana da abin da za a ƙwace masa in ya ci amana. Mai sansanin addu'a a daji, me za a ƙwace?

Maganar almubazzaranci ita ce na fi yarda da rabinta. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna cewa a yankin Afirka ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ba su kai biyu ba ga kowane mutum 100,000, alhali matsakaicin duniya 13 ne. Ba mai hankalin da zai ce a jira daktoci su cike wannan giɓi. Nas-nas da ma'aikatan unguwa ne za su ɗauki kayan, kamar yadda Dixon Chibanda ya nuna a Zimbabwe da tsofaffin mata masu sauraron mutane a kan benci a harabar asibiti. Amma wa ya tsara abin da matan suke faɗa, wa ya horar da su, wa ya auna ko yana aiki? Ƙwararru ne. Mutum kaɗan masu zurfin karatu ake buƙata, waɗanda za su rubuta darasin cikin Dendi da Bariba da Fulatanci da Hausa, su koya wa ɗaruruwa, su kuma iya zama da limamai da fastoci ba tare da an kore su ba.

Matsayina shi ne wannan karatu halastacce ne, mai amfani ne ga Kirista mara lafiya, kuma kuskurenmu Musulmi shi ne tsayawa zagin katangar maƙwabci alhali filinmu yana nan ba gini. Kayan aikin ma muna da su. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta a kan tsoro da fushi da waswasi, ya kuma rarrabe baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda yake sauka haka kawai daga jiki, wanda ya ce yana buƙatar magani. Farfesa Malik Badri na Sudan, wanda ya rasu a 2021, tun a 1979 ya gargaɗi Musulmi masana halayya a kan haɗiye Freud ba tauna, amma bai ce a zubar da fannin ba, da shi ya yi aiki duk rayuwarsa, shi ne kuma ya fassara ɓangaren littafin Balkhi da ya shafi tunani zuwa Ingilishi. Jami'ar Paraku tana nan tun 2001 da tsangayar koyon likitanci, malaman fiƙihu suna nan a kowace unguwa, attajiran da ke gina masallaci kusa da masallaci su ma suna nan. Idan malamin yana son alƙalaminsa ya amfani mutanen Jugu, ya rubuta wa waɗannan attajirai ya tambaye su nawa ne kuɗin ɗaukar nauyin ɗalibai biyar, masu Risala a ka, su karanci jinyar hankali har digiri na uku su dawo gida, ya kuma tambayi limaman Juma'a wa zai fara hawa mumbari ya ce ɗaure mara lafiya da mari haramun ne.